Tunkiyar Ɗakin Tasalla

Duk Wagini an san Malam Muntaka ba ya faɗin yawan dabbobinsa. In ka tambaye shi tumaki nawa gare shi, sai ya dube ka sama da ƙasa, ya ce, "Suna nan, alhamdulillahi," ya ɗauko maganar ruwan sama. Ba shi kaɗai ba ne, haka dattawan garin suke. Sun tashi sun tarar da iyayensu suna kora shanu bayan dutse in masu ƙidayar jangali sun doso, abin ya zauna musu a jini. Amma nasa ya fi na kowa, kuma yana da dalili. Shekara shida da suka wuce wasu baƙi biyu suka zo da sunan sayen taki, suka leƙa garke, suka yi ta tambaya, shi kuwa ya saki baki ya amsa musu, har da dama musu fura. Ba a rufa sati ba ɓarayin daji suka shigo da la'asar suka kore shanunsa da tumakin gidan kaf.

Kaf ɗin nan da sauran ɗaya. Akwai wata 'yar tunkiya da ƙaya ta soke a ƙafa, matarsa Tasalla ta shigar da ita ɗakinta ta ɗaure a ƙafar gado tana yi mata magani. Ita kaɗai ta tsira. Fara ce sol, sai baƙi da ya zagaye idanunta biyu, don haka Tasalla ta sa mata suna Mai Kwalli.

Ba tunkiyar kasuwa ba ce. A dangin su Tasalla akwai abin da suke yi tun kaka da kakanni: ranar da mace ta yi haihuwar fari, uwarta takan kawo mata tunkiya daga jinin wadda ita ma uwarta ta ba ta, a ɗora igiyar a hannun jinjiri, a kira sunansa a ce ga tunkiyarka. Tasalla ta karɓi tata daga uwarta, ta riƙe jinin nan shekara arba'in, tana jiran ranar da za ta miƙa wa Asama'u, autarsu kuma 'yarsu mace tilo, wadda ke aure a Babban Duhu. Shekara bakwai Asama'u tana ɗaki ba haihuwa. Tasalla ta jira har ciwon ajali ya kwantar da ita. Kwana biyu kafin ta cika ta kira mijinta, ta ce, "Malam, Mai Kwalli ta Asama'u ce. Duk randa Allah ya ba ta haihuwa ka kai mata da hannunka, kar ka aiki kowa." Ya ce ya ji, ya kau da kai don kada ta ga idonsa.

Sunan Tasalla na yanka Zuwairatu, ranar salla aka haife ta shi ya sa laƙabin ya bi ta. Auren saurayi da budurwa suka yi, kuma irin kunyar mutanen da ta sa bai taɓa kiran sunan nan na yanka da bakinsa ba, ko sau ɗaya. Tasallar ma sai ta kama dole. Yawanci gyaran murya yake yi a tsakar gida, ita ta san da ita ake.

Bayan rasuwarta ya rufe ɗakin, bai taɓa komai ba, kwanukanta na nan a jere. 'Ya'yansa maza biyu suna can Kaduna suna neman abinci, sai Fanta matar ƙanensa da ke ɗaya sashen take aiko masa da tuwo. Ya sake tara 'yan tumaki da guminsa, waɗanda ni ma ba zan faɗi yawansu yanzu ba, kada in ɓata masa rai. Mai Kwalli kuwa duk haihuwarta raguna take zubowa, sai da sanyin bana ta haifi mace, mai irin idonta sak. Wannan 'ya ba ta da ta-ido ko kaɗan. Ta ci gefen tabarmar sallarsa, ta tsoma baki a butarsa, ta taɓa bin shi har ƙofar masallaci. Ya sa mata suna Karambani, kullum yana yi mata faɗa, kullum kuma ita yake fara ba dusa. Ana cikin haka saƙo ya zo daga Babban Duhu cewa Asama'u na da juna biyu, haihuwa sai kaka. Ranar Malam Muntaka ya daɗe tsaye a ƙofar ɗakin Tasalla, yana so ya yi gyaran murya.

Da ruwan shuka ya sauka, aka yi shela a masallaci cewa masu allurar dabbobi za su bi gida gida. Wata cuta ce ta ɓulla bara a wasu ƙauyukan yamma, tana kumbura wa tumaki fuska da baki, wani sa'in harshe ya yi shuɗi, ana so a riga ta kafin marka. Dattawa suka ce madalla, suka fito suna kallon juna. Abdulmumini, abokin Malam Muntaka tun suna kiwon awaki, ya matso kusa da shi.

"Ka ji wai har ɗan kunne za su maƙala ma kowace, mai lamba, su rubuta a takarda."

"Na ji."

"To takardar nan hannun wa za ta?"

Malam Muntaka ya riga ya yanke shawara. Sauran tumakin a yi musu, a rubuta, in ma takardar ta faɗa hannun mugu ya ɗauki ƙaddara. Amma Mai Kwalli da 'yarta ba baƙon da zai san da su. Ɗakin da ya cece ta sau ɗaya yana nan.

Ranar da aka zo layinsu, tun da hantsi ya buɗe ɗakin Tasalla, ya shigar da su biyun, ya zuba musu harawa da dusa mai yawa don baki ya samu aiki, ya ja ƙyaure. Mai allurar mace ce, Ramlat, 'yar garin Karare, ɗiyar Almustapha mahauci wanda Malam Muntaka ya sani a kasuwa. Ta shigo da sallama rataye da kula mai ƙanƙara inda maganin yake, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi, ta tambayi gida, ta tambayi damina, ta tambayi ƙafarsa da ta ga yana ja. Kafin ta taɓa ko tunkiya ɗaya sai da ta yi masa bayani.

"Baba, cutar nan ba tunkiya ke shafa ma tunkiya ba. Ɗan ƙwaron nan ne, ƙyashi, wanda bai kai sauro ba, mai tashi a fadama da bakin kududdufi da yamma. Ya ciji mai ciwo, ya zo ya ciji mai lafiya. Shanu ma suna ɗauke da ita ba su nuna ba. Shi ya sa muke son a yi ma kowace, don in an bar wasu, wurinsu zai samu abin da zai ɗiba. Kuma allurar ba ta warkar da wadda ta kamu, tsari ce kawai. Sau biyu ake yi, zan dawo bayan sati ukku."

Ya ce, "Allah shi yi maki albarka, ɗiyata." Ya riƙe mata tumakin ɗaya bayan ɗaya, tana tsira allura a wuya, tana maƙala ɗan kunnen roba rawaya. Hannunta da sauƙi, ko motsi ba su cika yi ba. Da ta gama ta ce, "Su ke nan, Baba?"

Malam Muntaka mutum ne da ba ya ƙarya, yana kuma alfahari da haka. Ya ce, "Ga su nan kina gani."

Bai rufe baki ba sai ga Karambani. Gara ta cinye ƙasan ƙyauren ɗakin Tasalla, shi bai lura ba, ita ta lura. Ta kutso ta kafar, ta girgiza jiki, ta taho a guje ta tsakar gida, ba ta tsaya ko'ina ba sai gefen hijabin Ramlat, ta kama tauna. Ramlat ta yi dariya ta cafke ta.

"Ke kuma daga ina? Wata nawa gare ta, Baba?"

"Biyar," ya faɗa da ƙyar.

"Ta isa." Kafin ya samo abin cewa an tsira mata allura, an maƙala ɗan kunne, an rubuta. Ya tsaya yana kallo, ransa ya ɓaci, ji yake kamar ya kama 'yar banzar nan ya murɗe mata kunnen da ya rage.

Sai Mai Kwalli ta ga ba 'yarta, ta yi kuka daga cikin ɗaki. Kuka ɗaya, amma sarai aka ji shi. Ramlat ta ɗaga kai ta dubi ƙyauren.

"Baba, kamar kukan tunkiya na ji a ɗakin can."

"Ɗakin marigayiya ne, ɗiyata."

Gaskiya ya faɗa, ɗakin marigayiya ne. Ramlat ta sunkuyar da kai, ta ce Allah ya jiƙanta ya sa ta huta, ta rufe kularta. A bangon zaure ta rubuta masa lambar wayarta da gawayi, ta yi sallama. Da ta tafi bai ji daɗin da ya zaci zai ji ba. Ya kare kansa da matar da ke kabari, kuma abin ya tsaya masa a rai har ya kasa cin tuwon rana. Duk da haka, da sati uku suka cika ya toshe kafar ƙyauren da dutse, ya sake rufe Mai Kwalli. Karambani kuwa tunda ta riga ta shiga takarda, ya fito da ita aka yi mata ta biyu tare da sauran.

Damina ta yi kyau. Gero ya yi kai, fadama ta cika, tumaki suna kiwo a gefenta har rana ta faɗi. Wajen ƙarshen marka aka fara jin labari: tunkiyar wane ta ƙi ci, ragon wane fuskarsa ta kumbura. Abin da ya ba mutane mamaki, ko kuma suka yi kamar ya ba su mamaki, shi ne duk wadda ta kwanta ba ta da ɗan kunnen rawaya. Ba wanda ya tambayi wani dalili, kowa ya san abin da ya rufe a ɗakinsa.

Wata safiya Malam Muntaka ya zuba dusa, tumaki suka yi caa a kai, Mai Kwalli ta tsaya gefe kai a ƙasa. Ya taɓa kunnenta ya ji zafi rau. Kashegari leɓunanta suka kumbura, miyau yana dalala, majina ta toshe mata hanci. Ya buɗe bakinta ya ga dasashi ya yi ja, ya fara salewa. Ta kai baki ga harawa, tana so, ta kasa. Ya fita zaure ya tsaya gaban lambar nan ta gawayi, wadda feshin ruwa ya fara wankewa, ya fi minti goma yana kallonta kafin ya danna wayarsa.

Ramlat ta iso bayan azahar a kan babur ɗin haya, taɓo har gwiwar direban. Ta tarar da tunkiyar a ɗakin Tasalla, kwance a kan buhu a ƙafar gado, inda aka taɓa jinyarta tana ƙarama. Ta duba bakin, ta duba kofato, sannan ta kai hannu ga kunnuwan biyu ta shafa.

"Ni na ɓoye ta," in ji Malam Muntaka. "Sau biyu. Ki yi mata allurar yanzu, ko nawa ne."

"Baba, ba ta yi mata amfani yanzu. Da tana yi, wallahi da ban tsaya gaisuwa ba."

Ya zauna a bakin gadon. Nan ya ba ta labarin duka, baƙin taki, da ɓarayi, da igiyar da ake ɗorawa a hannun jinjiri, da abin da Tasalla ta ce. Bai taɓa yi wa wani wannan magana ba, sai ga shi yana yi wa 'yar da ya girmi ubanta. Ramlat ta saurara har ya gama, idonta ya kawo ruwa.

"Laifin ba naka ba ne kai kaɗai. Na ji kukanta ran nan, na san tunkiya ce. Da ka ambaci marigayiya sai kunya ta kama ni, na kasa ƙara magana. Har gida na je da abin a raina. Aikina ne in tambaya sau biyu, ban yi ba."

Ta yi wa Mai Kwalli allurar rage zafi da wata don kada gyambon bakin ya ruɓe. Ta nuna masa yadda zai wanke bakin da ruwan gishiri mai ɗumi. Ta ce ciwon ba shi da maganin kansa, sai jinya. Wasu suna tashi, wasu ba su tashi, kuma yunwa ce ke ƙarasa da yawa don baki ya hana su ci. A ba ta abu mai ruwa ruwa, a hana ta rana, a sa hayaƙi da yamma saboda ƙwaron. Ba ta yi masa alkawarin komai ba, shi ma bai nema ba.

Abin da ya biyo baya Fanta har yau tana ba da labarinsa. Dattijon da bai taɓa hura wutar murhu ba tun da aka haife shi ya zo sashenta ya tsuguna ya ce ta koya masa dama kunu. Ta ce ita za ta dama ta aiko, ya ce a'a. Na farko ya yi gudaji, na biyu ya ƙone, na uku ya yi tsinke kamar ruwan wanki, Fanta tana dariya tana share hawaye da bakin zane. A na huɗu ya iya. Ya ɗauko ludayin Tasalla daga cikin ƙwaryar da ke rataye, wanda bakinsa ya ɗan tsage ta ɗinke da zare, ya zauna a ƙasa, ya ɗora kan tunkiyar a cinyarsa. Sai ya hura kunun ya huce, ya ɗanɗana a bayan hannu, ya zuba mata kaɗan kaɗan ta gefen baki. Rabi yana shiga, rabi yana bin rigarsa. Yana yi yana mata magana a hankali, irin maganar da ake yi wa mai jinya, ta sha kaɗan, saura kaɗan, kaka ta kusa. Karambani tana ƙofa tana leƙe, da ɗan kunnenta na rawaya, lafiyarta ƙalau, in ya yi sakaci ta sa baki a kunun.

A kwana na biyar Mai Kwalli ta ɗaga kai ta lashi ludayin da kanta, ya fita da murna ya gaya wa Abdulmumini. A na bakwai numfashinta ya canza, harshen ya kumbura ya leƙo, ya yi duhu. Abdulmumini ya zo ya duba, sannan ya ce, "Muntaka, a sa mata wuƙa kar ta yi mushe. In ba ka iyawa ni in yi."

"Wa zai ci?"

Abdulmumini ya zauna tare da shi a ƙasa, tsofaffi biyu da tunkiya a tsakaninsu, har aka kira la'asar. Washegari da hantsi ta cika, kanta a cinyarsa, kunun safe bai ko huce ba. Ya yi kuka, ba zan ɓoye masa ba, kuka sosai irin wanda bai yarda ya yi a gaban mutane ba ranar jana'izar Tasalla. Shi da Abdulmumini suka haƙa rami mai zurfi a bayan ɗakin kamar yadda Ramlat ta ce, suka rufe ta.

Ranar da la'asar, liman na sallamewa, Malam Muntaka ya miƙe ya ce yana da magana. Mutane suka zauna, don ba mai yawan magana ba ne.

"Jama'a, na ɓoye tunkiya ran allura, yau na rufe ta da hannuna. Ɗiyarta da ta kuɓuce mani aka yi mata, tana nan tana cin tabarmata. Wuri ɗaya suke kiwo, ruwa ɗaya suke sha. Ɓarawo na tsare ma ƙofa, abin da ya ɗauke ta ko ganinshi ba a yi. Tumakina tara ne. Jiya goma ne. Wanda zai kai ma ɓarayi labari ya kai."

Ba a taɓa jin dattijo ya faɗi yawan dabbobinsa a bainar jama'a ba. Can sai Abdulmumini ya yi tari, ya ce shi ma akwai wasu raguna biyu da suka yi azumin yini guda a tsohon rumbunsa. Wani ya ce nasa a banɗaki suka wuni. Aka yi dariya, irin dariyar da ake yi ana jin kunya. Kafin a watse an ce a kira 'yar Almustapha ta dawo. Ta dawo kuwa bayan kwana biyu, ta gaya musu gaskiya cewa an makara, allurar tana ɗaukar makonni kafin ta kama jiki, amma duk mai lafiyar da aka yi wa an rage wa cutar wurin sauka. A wannan karon kowane gida ta shiga sai ta tsaya ta ce, "Saura na ɗaki," kuma Malam Muntaka yana biye da ita da sandarsa, don ya san gidan kowa da inda kowa ke ɓuya. An ƙara rasa wasu a makonnin nan. Zuwa lokacin da aka gama yankan gero ciwon ya lafa.

Sai ga waya daga Babban Duhu: Asama'u ta sauka lafiya, an samu mace. Ya yi hamdala, ya yi ta yi, sannan ya zauna ya rasa inda zai sa kansa. Kwana shida yana shirya abin da zai gaya mata, ko ɗaya bai zauna masa ba.

Ranar suna tun da asuba ya hau babur, Karambani a kan cinyarsa an ɗaure mata ƙafafu, tana ƙoƙarin cin hular direba duk tsawon hanya. Sun sha taɓo da ramuka, ko da suka isa an riga an yi raɗin suna, maza sun fara watsewa da goro a hannu. Surukinsa Tayyib ya tarbe shi da ladabi, ya durƙusa, ya ce ya shiga ciki, mai jego tun jiya take tambayarsa. Malam Muntaka bai tsaya tambayar sunan da aka sa ba, hankalinsa na kan igiyar da ke hannunsa.

Mata suka ba shi wuri. Asama'u na zaune a bakin gado, ta yi fayau, jinjira a hannunta cikin zani. Suka gaisa, ya yi mata barka, ya tambayi jiki. Idonta ya sauka kan igiyar, ya bi ta har ƙarshe, ya tsaya a kan 'yar tunkiyar da ke shinshinar labule.

"Baba, ina Mai Kwalli?"

Duk abin da ya shirya ya gudu. Ya faɗa mata kamar yadda ya faru, bai rage ba, har da abin da ya ce wa Ramlat a ƙofar ɗakin. Ya ce, "Uwarki ta bar mani amana guda ɗaya, na kashe ta da dabarata. Wannan ma ba ni na tsirar da ita ba, ƙin jin maganata ta yi."

Hawaye suka bi kumatun Asama'u. Ta miƙa hannu, Karambani ta taho kamar an kira ta. Ta riƙe haɓarta, ta daɗe tana kallon baƙin da ya zagaye idanun nan, sannan ta taɓa ɗan kunnen rawaya.

"Baba, da Inna na da rai, ita za ta riga ka rufe ta a ɗaki. Kai ma ka sani. Da dutse biyu za ta toshe ƙofar."

Ya so ya yi dariya, abin ya fito masa wani iri. Gaskiya ne, kuma ba wanda zai iya gaya masa haka ya yarda sai ita.

"Kar ki cire mata abin kunnen nan," ya ce. "In masu allura sun zo baɗi, ita za ki fara fiddawa."

"Na ji, Baba. To ka yi mata yadda Inna za ta yi. Sai an kira suna."

Ta buɗe zanin, ta fito da ɗan hannun jinjirar, yatsu a dunƙule. Ya matso ya tsuguna, gwiwarsa tana ƙara, ya ɗora bakin igiyar a tafin hannun. Yatsun suka buɗe suka kama ta.

"Wane suna aka sa mata?"

Asama'u ta sunkuyar da kai, don ita ma ba sunan da za ta iya kira ba ne. Wata tsohuwa daga bakin ƙofa, uwar Tayyib, ita ta faɗa masa.

Ya daɗe a tsugune. Ya yi gyaran murya, irin wadda yake yi a tsakar gida, ya ga ba za ta wadatar ba a yau. Matan ɗakin suna jira, Karambani tana jan igiyar ta ɗaya gefen, jinjirar ta ƙi saki.

"Zuwairatu," ya ce. "Ga tunkiyarki, na kawo da hannuna."